Tsutsa a firij, wai abincin tsuntsu

Jama'a ku ji abin da idona ya gane min a nan jihar Misuri ta Amurka. Maƙwabciyata, wata tsohuwar Baturiya, za ta yi tafiya ta ce don Allah in riƙa ba tsuntsayenta abinci da safe. Ni duk zatona kanari ne a keji ko ɗakin tattabaru. Ina! Na daji ne fa, wasu ƙanana masu shuɗin baya da jan ƙirji, bulubad suke ce musu, shi ne ma tsuntsun da jihar take taƙama da shi a hukumance.

Matar nan ta buɗe firij sai ga roba cike da tsutsa masu rai, gefen madara da cuku, wallahi sai da zuciyata ta tashi. Wai sanyin ne ke sa su barci kar su rikiɗe su koma ƙwaro, shi kuma ɗan gatan ba ya kallon gero balle tsaki, sai ƙwari da 'ya'yan itace. Kuma kar ku ce taɓin hankali ne, kasuwa ce guda, akwai shago sukutum irin su Wild Birds Unlimited da ba sa sayar da komai sai kayan tsuntsun daji, busasshiyar tsutsa a leda, mai rai a yi oda ta intanet a kawo har ƙofar gida, ga kwanon wanka mai hita kar ruwa ya daskare da hunturu. Akwatin sheƙar ma ƙofarsa inci ɗaya da rabi ce cif, don kar wani mugun baƙin tsuntsu da aka kawo daga Turai ya shiga ya ƙwace. Tun 1978 suke da ƙungiya kan bulubad ɗin nan, doka kuma tun 1918 ta hana kama shi ko kashe shi.

Abin haushin, mutumin da ya san ranar da ƙwai ya ƙyanƙyashe ba zai ce maka sannu ba in kun haɗu a bakin ƙofa, ga bayin Allah na kwana ƙarƙashin gada.

Amma mu ma a gaya mana gaskiya, yaro da danko duk abin da ya gilma sai ya harbo, manya na kallo, bishiyoyi an sare an yi gawayi. Yaushe rabonku da ganin angulu a mayanka? Ni kukan kurciya da hantsi nake kewa, Allah ya sa in tarar da saura.

Sai dai kar wanda ya kai wannan labari wa manomin shinkafa a Haɗejiya da jan baki ya cinye wa gona, za ku rabu dutse a hannun riga.