Jakuzin hurawa da muka sa a gida nan Katsina, da yadda mai haɗawar ya zaɓa mashi wuri

Salamu alaikum jama'a. Tunda aka ji mun sa jakuzi a gida, wato kwamin wanka mai ɗumama ruwa da tada kumfa, ake ta tambayata ina aka siyo, shina aiki da wutar nan tamu kuwa, ruwan fa daga ina, to bari in yi bayani gaba ɗaya kowa ya amfana. Saboda Hajiyarmu muka siya, ciwon gwiwa da baya sun matsa mata musamman in sanyi ya shigo, sai da muka tambayi likitanta ya ce ba laifi in dai ba ta daɗe ciki ba kuma ruwan bai yi zafi sosai ba, sannan muka je wani shago da ke saida kayan bayi da tayil a cikin gari muka ɗauko na hurawa, mai cin mutum 4. Irin su Intex da Bestway su aka fi gani in na hurawa ne, akwai kuma na dindindin mai jikin roba mai tauri amma kuɗin shi ba na wasa ba ne. Kwamin shina da kyau ba ni da ta cewa, amma gaskiya wanda ya ci kuɗin shi a wurina shi ne fulamban da shagon suka turo ya haɗa mana, saboda yadda ya tsaya ya zaɓi wurin da za a aje shi.

Mutumin nan ko kwalin bai buɗe ba sai da ya zagaye gidan kaf, har bayan kicin har wajen janareta. Ƙanena shi yake son a kai shi baranda ta sama, wai can ya fi sirri kuma ga iska. Fulamban ya ce Alhaji ku yi haƙuri ni dai hannuna ba zai kai shi sama ba sai injiniyan da ya zuba dakin ɗin, wato kankaren benen, ya zo ya ce eh. Ya yi mana lissafin a tsaye, wannan kwamin ruwan da yake ci ya kai lita 800, kowace lita kilo 1 ce, kenan kilo 800 tun kafin kowa ya shiga, ka ɗora manya 4 a kai an haura tan guda, kamar ka jibge buhun siminti 20 da wani abu a fili da bai wuce mita 2 a faɗi ba. Ɗakunan bene na zama galibi ana tsara su ne su ɗauki kilo 150 zuwa 200 a kowace mita murabba'i, wannan kuwa ya haura 300. Kuma mun san yadda ake gini yanzu, ana rage rodi ana rage siminti, wanda ya sayi gida ginanne bai san mi ke cikin dakin ɗin shi ba. Nan maganar sama ta mutu.

Sai muka nuna mashi bayan gida inda akwai wani dandamali na kankare shafe lumui, kowa ya gan shi zai ce ai dama don jakuzi aka yi shi. Ya durƙusa ya ɗauko ƙotar guduma ya ƙwanƙwasa gefe, ya matsa tsakiya ya sake ƙwanƙwasawa, sai ƙarar ta canza ta koma kamar ganga. Ya ɗago ya ce yallaɓai nan kan sokawe ne fa, ga bututun shan iskar shi can jikin katanga. Wallahi sai da jikina ya yi sanyi, don na tabbata gidaje da yawa a unguwannin Layout da GRA da Barhim in suka sayi abin nan kan murfin sokawe za su aje shi, shi ne wuri mafi shafewa a bayan gida, murfin kuma ba a zuba shi don ya ɗauki tan guda kullum ba, ga jijjigar injin kumfa ga laima. Dan Allah duk wanda zai sa ya fara sanin ina ramin gidan shi yake.

Intalok ma, tubalan nan da ake shimfiɗawa a tsakar gida, ya ƙi, ya ce yashi ne a ƙarƙashi, ruwa na malala zai zauna gefe guda kwamin ya karkace, ɗinkin gefen da nauyi ya koma ya fara buɗewa. Ƙarshe sabon kankare aka zuba mai kaurin inci 4, aka bar shi ya sha ruwa ya bushe sosai, ya sa ma'aunin ruwa ya tabbatar ya daidaita, aka shimfiɗa tabarmar roba mai kauri sannan aka hura. Wannan ƙarin kuɗi ne da shagon ba su faɗa mana tun farko ba kuma ya kamata su riƙa faɗa.

Inda ya zaɓa ɗin ne ya nuna mani mutumin ɗan gari ne ya san yanayinmu. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, Disamba da Janairu ka san yadda Katsina take da asuba, to sai ya sa shi ta kudancin ɗakin Hajiya inda ginin ya tare iskar, ya ce in ba haka ba hita za ta yi ta aiki iska na kwashe zafin, kuma tsohuwa ta fito daga ruwan ɗumi iska ta buge ta ai an yi ba a yi ba. Daga ƙofar ɗakinta zuwa kwamin taku kaɗan ne, aka sa mata ƙarfen dafawa da tayil mai kaushi wanda ba ya santsi. Akwai bedi babba a tsakar gidan, ni ina ganin inuwarta za ta yi daɗi, ya ce a'a ganye da 'ya'yan bedi da kashin tsuntsaye duk cikin ruwan za su ƙare, ga saiwa tana fasa kankare. Rana tsirara ma ba ta yi, don zafin Afrilu da Mayu nan ya kan haura digiri 40, iskar da ke cikin bangon kwamin ta kumbura robar ta yi tozo, rana kuma ta cinye ta. Sai aka yi 'yar rumfa ta kwano aka bar gefe biyu a buɗe. Cikin ɗaki kuwa ya hana sam, tururi zai ɓata fenti da silin ya kawo fumfuna, in kuma ya fashe lita 800 a kan kafet sai dai innalillahi.

Maganar sutura shi ya fara tada ta kafin mu. Ya tsaya daidai wurin ya ɗaga kai ya duba ko tagar benen maƙwabta tana hango nan, ya ga ɗaya tana hangowa, aka ƙara kwano a wannan gefen. Na ji daɗin wannan ƙwarai, gida ne na mata, in wurin ba ya da sirri babu wadda za ta shiga, kuɗi sun tafi a banza.

Wuta kuma a nan ne mutum zai yi tunani sosai kafin ya siya. Hitar tana jan wat kusan 2,000, kuma a hankali take ɗumama ruwa, digiri 1 zuwa 2 a awa. In ruwan ya kwana a tanki lokacin sanyi ya sauka kamar digiri 20 kana son ya kai 38, yunit kusan 17 ne na mita kuma awa 10 ko fiye, in aka ɗauke wuta a tsakiya sai ka jira. Ƙaramin janareta ba zai ja ba, sola kuma in batiranka ba su da yawa kafin tsakar dare sun sauka. Mu da rana muke kunna shi mu rufe da murfin shi ya riƙe zafin zuwa bayan isha'i. Fulamban ya kawo mai wayarin aka ja layi na musamman daga akwatin wuta da soket mai murfi da bireka mai yanke wuta da kanta in ta fara zuba cikin ruwa, aka duba at ɗin gidan, wato wayar da ke kai wuta ƙasa, ya ce kada a kuskura a jona da ekstenshan ko sau ɗaya. Ya kuma nisanta kwamin da ɗakin janareta saboda hayaƙi.

Ruwa mu muna da bohol. Wanda yake siye wajen 'yan garuwa ya lissafa jarka 32 ta lita 25 duk cikawa ɗaya. Zubarwa ma fulamban ya tanadar mata hanya, ya haɗa tiyo zuwa magudanar gidan, don ka saki wannan ruwan a lungu lokaci guda sai kun yi rigima da maƙwabta, kuma ruwa ne mai kulorin ba a ba shuka shi nan take.

Yanzu abin da bai yi mani daɗi ba. Ranar da suka ce za su zo ba su zo ba sai washegari da la'asar ba kuma wanda ya kira ya ba da haƙuri. Shagon sun saida kwami amma ba su da kulorin ba su da 'yan takardun gwada ruwa ba su da matatar ruwa ta canji, sai daga Kano muka sa aka kawo, alhali ruwan ɗumi in ba magani kwana kaɗan yake yin yauƙi da wari, da damina kuma ya zama gidan sauro. Ƙurar hunturu tana toshe matatar da wuri, mu kusan kullum sai an cire an ɗauraye. Takardar bayani duk Turanci ce da ƙananan rubutu, ba wanda ya zauna ya yi wa matan gida bayani da Hausa sai da na roƙi fulamban ya dawo, ya dawo kuwa bai karɓi ko sisi ba, ya gaya masu zafin kada ya wuce digiri 40, kada a wuce minti 15 a ciki, mai ciki da mai hawan jini su tambayi likita tukuna, in hadari ya taso ana walƙiya a fito.

Sai yara, wannan kam ina roƙonku da girman Allah. Murfin shina da maɗauri mai kullewa, a kulle shi duk lokacin da ba babba a wurin, yaro ƙarami ruwa kaɗan ya ishe shi. Shi ya sa ma fulamban ya ƙi kai shi can ƙuryar da ba a gani, ya sa shi inda mai aiki a kicin take hangen shi ta taga, muka ƙara 'yar ƙofa da kwaɗo.

In maki zan ba su, fulamban 5 cikin 5, shagon 3. Hajiya tana shiga da daddare kuma ta ce tana samun barci fiye da da, alhamdulillah. Wanda zai siya ya ce a turo mashi mai haɗawa ya ga gidan kafin ya biya, kuma ya sa a haɗo mashi da matatar ruwa ko 2 da kulorin tun a cinikin farko.