Ziyarar mutum-mutumin Farfaɗowar Afirka a Dakar: a nemi ɗan jagora

Da la'asar muka isa unguwar Ouakam, ni da ƙanwata, bayan mun gama hidimar da ta kai mu Dakar. Tun daga nesa ake hango mutum-mutumin a kan ɗaya daga cikin tagwayen tuddan nan da ake kira Mamelles: ƙaƙƙarfan namiji ya ɗora yaro a dantsensa, ɗaya hannun ya riƙo mace ta ƙugu, yaron kuma ya miƙa yatsa wajen teku. Matakala 198 ce kafin a kai gindinsa, babu inuwa ko ta sisin kwabo, don haka kada a je da rana tsaka.

Muka yanki tikiti, aka haɗa mu da wani matashi ɗan jagora, kuma saboda shi nake wannan rubutu. Bai yi mana karatun hadda ba. Ya fara da tudun da muke tsaye a kai, ya ce tsohon dutse ne mai aman wuta, shi ya sa aka ƙera iyalin kamar suna ɓullowa daga cikinsa: Afirka ce ke fitowa daga duhun cinikin bayi da mulkin mallaka. Tunanin tsohon shugaban Senegal Abdoulaye Wade ne, mai zanen gine-gine ɗan ƙasar, Pierre Goudiaby Atepa, ya tsara aikin, kamfanin Mansudae na Koriya ta Arewa ya ƙera shi da tagulla. Tsayinsa kusan mita 50. An buɗe shi ranar 3 ga Afrilun 2010, jajibirin cikar Senegal shekara 50 da samun 'yancin kai.

Ƙanwata ta taɓa ni, ta ce, "Yaya, tambaye shi me malamai suka ce." Na zaci zai kauce, amma ina. Ya faɗa mana cewa limamai da dama sun kira shi gunki, sun kuma yi tir da ɗan guntun zanen da aka sa wa macen, cinyarta a waje. Talakawa su ma sun yi ƙorafi, don an kashe kimanin dala miliyan 27 a lokacin da ake fama da ɗauke wuta da tsadar rayuwa. Har maganar da Wade ya yi, cewa kashi 35 cikin 100 na kuɗin shiga nasa ne tunda shi ya kawo tunanin, bai ɓoye mana ba. Mutumin da ke cin abinci a wuri ya faɗi wannan ba tare da kame-kame ba, ya cancanci yabo.

Ni dai akwai abin da ya tsaya mini a rai. Da na ɗaga kai na ƙare wa macen kallo, sai na ga kamar janyo ta ake yi, gashinta da hannunta sun yi baya. Duk wanda ya ga yadda mata ke riƙe da kasuwannin kifin Dakar ya san ba a baya suke ba. Ƙirar jikin namijin ma ta fi kama da ta mutum-mutumin ƙasashen gurguzu. Da maƙeran Afirka aka ba aikin, da ya fi mini daɗi nesa ba kusa ba.

Amma yaron ya kama zuciyata. Lifta ƙarama ce ke kai mutum har cikin hular namijin, mutum kaɗan take ɗauka, sai an ɗan yi haƙurin layi. Can sama ɗakin matsattse ne, akwai zafi, tagogi sun kewaye shi. Ta nan na ga hasumiyar fitilar jiragen ruwa da aka gina a 1864 a kan ɗaya tudun, na ga Almadies, ƙarshen nahiyar Afirka ta ɓangaren yamma, sannan na bi yatsan yaron da ido har Tekun Atlantika, hanyar da aka bi da kakanninmu cikin sarƙa. Na daɗe a tagar nan, jagoran bai ce mini in yi sauri ba.

Da muka sauko rana ta yi ja, samari na ta gudun motsa jiki a matakalar. Muka sallami jagoran kirkin nan da abin da ya sawwaƙa, muka gangara masallacin da ke bakin ruwa don mu samu magariba.