GARGAƊI: Naira miliyan 9 da rabi na zuba a gidan gadon da ba a raba ba

Jama'a assalamu alaikum. Kwana uku ke nan ina rubuta wannan ina gogewa saboda kunya. Yau na ce ko za a yi da ni a gari sai na faɗa, domin mutumin da ya sayar mini da gidan har yanzu yana yawo a Kano da babbar riga da carbi a hannu.

Naira miliyan 9 da dubu 500. Ban da la'adar dillali dubu 400. Kuɗin filina ne da na sayar, da sarƙar gwal ɗin maiɗakina da ta cire da hannunta ta miƙo mini ta ce mu fita daga haya. Miliyan 9 da rabi.

Kuma tun kafin wani ya zo ya ce mini "ai kai ka yi gaggawa", wallahi ban yi gaggawa ba. Shekara 19 ina Kantin Kwari, na ba da bashi na karɓi bashi, na san idon maƙaryaci. Sau uku na je gidan nan. Tsohon gida ne a cikin birni, gangaren Jakara, ginin ƙasa da aka yi wa filastar siminti: zaure, ɗaki huɗu, tsakar gida da rijiya. Zuwa na biyu har da magini na tafi. Ya hau ya ƙwanƙwasa azara ɗaya bayan ɗaya ya ce gara ba ta taɓa su ba. Ya leƙa shadda, ya duba indararo, ni kuma na ja guga na ɗanɗana ruwan rijiyar. Wane ne cikin masu zagina yake yin haka in zai sayi gida?

Na ga fentin. Wannan ba zan ɓoye ba. Sabon fenti ruwan toka, daga ƙasa zuwa ƙugu, zagaye da tsakar gida, sama kuma tsohon farar ƙasa. Na tambayi mai sayarwar, ya ce yara ne suka ɓata bangon da gawayi. Maginin ma ya shafa ya ce ba laifi. Watan Maris ne, ƙasa ta bushe ƙayau, ina za ka ga laima?

Abin da ya kashe ni shi ne zuwa na uku, cikin azumi. Ya ce in tsaya mu sha ruwa tare. Ya shimfiɗa tabarma a zaure, ya sa aka kawo dabino da kunun tsamiya da ƙosai. Shi ya ja mu sallar magariba, karatunsa tiryan-tiryan. Da muka idar ya kai ni ɗakin da ke kusa da rijiya, ya tsaya a bakin ƙofa ya ce nan Hajiyarsu ta cika. Ya share ido da hannun riga. Ya kama hannuna ya ce, "Alhaji, ni ba kuɗi nake bi ba. So nake gidan mahaifina ya faɗa hannun mai sallah." Ya kama hannuna. Har yanzu in na kwanta sai in ji damshin tafinsa a nawa. Mutum da azumi a bakinsa ɗazu-ɗazu, ya ja ka sallah, ya yi kukan uwarsa a gabanka, ku gaya mini wa zai ce ƙarya yake?

Hajiyar tana raye. Tana gidan 'yarta a Kurna. Na gan ta da idona, na durƙusa na gaishe ta.

Bari in koma baya, na tsallake maganar takardu. Miliyan 16 muka daidaita. Ya nuna mini kwafin tsohuwar takardar sayen mahaifinsu, rubutun hannu, da wata wai ta amincewar magada mai dangwale bakwai. Ya zo da mutum biyu ya ce ƙannensa ne, suka sa hannu a gabana. Babu satifiket na gwamnati, amma duk wanda ya san cikin birni ya san gidaje da yawa haka suke, gado ne ake bi kaka da kakanni, don haka wannan bai tayar mini da hankali ba. Na ce mu je wurin mai unguwa. Ni na faɗa, ba wani ya tuna mini ba. Ya ce mai unguwa ya tafi Umara sai bayan sallah, kuma akwai wani daga Abuja da zai biya lakadan da zarar an sauko idi. Dillali ya ja ni gefe yana cewa Alhaji kada ka bari ya wuce ka. Na tura miliyan 6 washegari. Miliyan 3 da rabi bayan kwana tara. Saura miliyan 6 da rabi wai sai kotu ta gama takardar rabon gado, sannan ya miƙa takarda ta asali. Ya ba ni makullin zaure. Makulli a hannuna, me zan ji tsoro?

A watan Agusta aka kwana ana ruwa, da sassafe na je. A'a, kafin nan ma tun watan Yuni wayarsa ta fara shiga ba a ɗauka, sai ya turo saƙon murya yana cewa alƙali ne ya ɗage zama, in yi haƙuri, "ai mun zama 'yan uwa". Saƙonnin suna nan guda 14, ban goge ko ɗaya ba. To ranar da na je, ruwa har gwiwa a tsakar gida, baƙi, da leda da kashin awaki suna yawo a kai. Fentin nan ya kumbura ya ɓare kamar ɓawon rogo, ƙarƙashinsa gishiri ya ci bangon fari fat, ka sa yatsa ƙasa ta zubo. Daidai ƙugu. Daidai inda fentin ya tsaya.

Ina tsaye a lungu wando a naɗe sai wata tsohuwa maƙwabciya ta leƙo ta ce, "Ɗan nan, me kake nema a gidan marigayi?" Na ce Inna ai ni na saya. Ta riƙe baki ta yi salati. Ita ta gaya mini wurin kududdufi ne a da, inda aka haƙi ƙasar ginin unguwar, aka cike shi da shara aka yi gini a kai, kuma duk damina in kwata ta cika nan ruwan lungun yake taruwa. Shi ya sa aka ɗauke Hajiya. Ƙofarta taku goma ne daga zauren da na sha kunu. Sau uku na zo ban ƙwanƙwasa ba, domin kullum a mota suke ɗauko ni su mayar da ni, dillali yana gefena yana zuba. Yanzu na gane da gangan ne.

Mai unguwa bai je Umara ba a shekarar. Da na ce ranka ya daɗe an ce mini ba ka nan, sai ya girgiza kai ya ce ni ne na biyu. Akwai wani bawan Allah da ya ba da miliyan 4 a kan takarda irin tawa sak. Ƙannen nan biyu kuwa ba wanda ya san su a zuriyar, haya aka yo su.

Magadan gaskiya su takwas ne: Hajiya, maza uku, mata huɗu, kuma ba a raba komai ba. Wani malami ya yi mini lissafi a kan miliyan 16. Hajiya tana da tumuninta, miliyan 2. Sauran 14 a kasa goma, namiji kashi biyu mace kashi ɗaya. Rabon wannan mutum gaba ɗaya miliyan 2 da dubu 800 ne. Ya karɓi miliyan 9 da rabi a hannuna. Lauya kuma ya ƙara mini da cewa tun dokar filaye ta 1978 filayen birni a hannun gwamna suke, takardar hannu ita kaɗai ba ta isa ta tsaya maka ba in rigima ta taso, balle ta jabu.

Magana tana wurin 'yan sanda. Lauya ya hana ni sa suna da hoto yanzu, amma hotunan alat biyun, da takardar dangwalen, da bidiyon ruwan, da saƙonnin murya duk zan ɗora su da zarar ya ba ni dama. Wallahi zan ɗora.

In za ka sayi tsohon gida, ka je da damina, kai kaɗai, a ƙafa, ka tambayi maƙwabta. Gidan gado in ba ka ga takardar rabo daga kotu da magada ido da ido a gaban mai unguwa ba, kada ka ba da ko kafin alƙalami. In an ce yana da satifiket, ka bincika a KANGIS, hukumar rajistar filaye ta jihar Kano.

Maiɗakina har yau ba ta tambaye ni sarƙarta ba. Jiya mai gidan da muke haya ya aiko a kan kuɗin shekara.