Mancozeb a gonar tattasai: abin da na gani bana

Duk mai noman tattasai ko attarugu da damina ya san wannan ciwo, wanda malaman gona ke kira antiraknos. Tattasai zai girma lafiya lau, yana fara ja sai tabo ya fito masa, zagayayye, ya lotsa ciki, in an yi ruwa kuma ka ga wani danƙo mai ruwan lemo a tsakiyarsa. Ƙwayar cutar dangin fumfuna ce, sunanta Colletotrichum, kuma fantsamar ruwan sama ke kai ta daga wannan tsiro zuwa wancan.

Bana na gwada mancozeb, garin nan mai ruwan ɗorawa da aka rubuta 80% a jikin ledarsa. Yana aiki, amma aikinsa rigakafi ne. Ba ya shiga jikin tsiro, zama yake a bayan ganye da 'ya'ya ya hana ƙwayar cutar tsirowa. Tattasan da ya riga ya kamu, ko buhu guda ka zazzage masa ba zai warke ba. Shi ya sa na fara feshi tun yana fure, ina maimaitawa bayan mako guda zuwa kwana 10, kuma ɗibar farko ta fito tas, sai ɗai-ɗai mai tabo. Maƙwabcina ya jira sai da ya ga ruɓa, kuɗin maganinsa ya bi ruwa.

Inda ya gajiyar da ni shi ne watan Agusta. Ka yi feshi da safe, la'asar a tafka ruwa a wanke rabinsa. Garin kuma kwanciya yake a gindin famfo, in ba ka dama shi a bokiti ka tace ba, bakin famfon zai yi ta toshewa. Yana sa ƙaiƙayi, don haka safar hannu da takunkumi ba ado ba ne, musamman da yake Tarayyar Turai ta janye izininsa a 2021 saboda lafiyar jama'a. A kiyaye kwanakin da ledar ta ce a jira kafin ɗiba.

Feshi kaɗai bai isa ba. Ina tsince masu tabo in binne su nesa da gona, ba na ɗebe iri daga cikinsu domin cutar na bin iri. Wannan filin kuwa masara zan sa masa baɗi, tattasai ya koma wani, da mancozeb ɗinsa tun daga fure.