Na'urar awon hawan jini: wacce za ka kai gida?

Ta damtse nake ce wa kowa ya saya, kuma sai da na sha wuya na gane haka. Bara na sayi ta wuyan hannu wurin wani mai talla kusa da kasuwar Kejetia a Kumasi, kwalinta fes. Wata uku tana nuna wa Mma 125/80, muna ta hamdala, har ta ajiye maganinta. Ranar da ƙafafunta suka kumbura, numfashi ya riƙa sarƙe mata in ta kwanta, nas ta auna ta samu 170/100. Ta dube ni ta ce, "Alhaji, wa ya ce Hajiya ta daina magani?" Na rasa bakin magana.

Likita ya zaunar da ni. Tsokar zuciya, in jini ya cika ta ta miƙe, sai ta ƙara ƙarfin matsa, wannan aikinta ne. Amma in hawan jini ya daɗe, sinadarin angiotensin II yakan sa ƙwayoyin tsokar su yi kauri, bangon ya yi tauri, ya kasa sakewa ya karɓi jini. Zuciyar kan saki wani sinadari, BNP, don ƙoda ta zubar da gishiri da ruwa. Lisinopril, maganin da Mma ta ajiye, hanyar angiotensin ɗin yake tarewa.

Ta damtse mai batir, irin Omron, ita na saya daga baya. Maɓalli ɗaya ne, tana ajiye awon baya, Mma da kanta take ɗaurawa bayan sallar asuba, in ta zauna minti 5. Auna damtse kafin ka biya: ɗaurin da aka saba santimita 22 zuwa 32 ne, akwai mai kaiwa 42. Ƙaramin ɗauri a babban hannu yana ƙara lamba.

Ta wuyan hannu ba ta ba da awo daidai sai hannun ya daidaita da zuciya. Ta yatsa, ka bar ta. Mai famfo da abin saurare ta ma'aikatan asibiti ce.

Jabu kuwa, su ne damuwata. Sukan canza harafi ɗaya a sunan, ba lambar na'ura, ba takardar garanti, kuɗin ƙasa da rabi. Mai talla zai gwada maka a tsaye cikin rana, ya ce "ka gani, lafiyarka ƙalau". Je kantin magani mai lasisi a Adum ko Asawase, tambayi rajistar FDA, hukumar kula da abinci da magunguna ta Ghana, karɓi rasit. Sannan ka tafi da ita asibiti ranar ganin likita, a auna da tasu, a auna da taka, hannu ɗaya, zama ɗaya.