Gargaɗi ga masu tara tsofaffin maikuroskof da kayan kimiyya

Jama'a don Allah a yi hattara, akwai wasu 'yan damfara da suka cika Facebook da shafukan gwanjo na intanet suna tallar "tsofaffin" maikuroskof da kamfas da na'urar auna taurari ta matuƙan jirgin ruwa, wai gadon kakansu ne ko an tsinto a tsohon ɗakin gwaji. Yawancinsu sababbi ne fil, tagulla ce aka ƙera kwanan nan aka jiƙa ta da sinadari ta yi duhu-duhu kamar ta shekara 100.

Wanda ya fi ba ni dariya shi ne mai rubutun "Kelvin & Hughes London 1917", ai kamfanin Kelvin Hughes sai 1947 aka kafa shi, to ta yaya ya ƙera abu shekara 30 kafin a haife shi? Kayan ado ne na ajiyewa a falo, ba laifi in an sayar da shi a haka, laifin shi ne a ce maka na asali ne a tsuga maka kuɗi.

Ku duba sukurorin jiki ma. In an ce maka na 1880 ne amma ka ga sukuru mai kan gicciye irin na Phillips, to ƙarya ce, wannan sai shekarun 1930 ya shigo. Maikuroskof na kamfanonin Jamus Carl Zeiss Jena da Ernst Leitz Wetzlar kuwa suna da lambar siriyal da ake iya gane shekarar ƙira da ita, ka ce a turo maka hoton lambar da kyau, mai gaskiya ba zai yi ta kwana-kwana ba.

Su kuma masu cewa suna da maikuroskof ɗin da Leeuwenhoek ya ƙera, wato masanin kimiyya ɗan garin Delft a ƙasar Holan, wanda ya rasu 1723, wallahi ku gudu. Nasa da suka rage a duniya ba su wuce goma sha wani abu ba, wasu suna gidan tarihi na Boerhaave a Leiden, kuma wanda kamfanin gwanjo na Christie's ya yi gwanjonsa a Landan a 2009 ya haura fam 300,000. Kwafinsa kuwa birjik.

Salon 'yan damfarar ɗaya ne, hoton sata daga kundin gwanjo, sai "wani ma yana so, ka biya yau", sai a ce ka tura ta kirifto ko katin kyauta inda kuɗi ba ya dawowa. Ka ce ya ɗauki bidiyon abin da takarda mai sunanka da kwanan watan yau a gefe, in ya ƙi ka yi bulokin ɗinsa ka kai rahoton shafin.