Maginin Rumbunmu: Yadda Aikinsa Ya Kasance Bayan Damina Biyu

Shekara biyu ke nan da na ɗauko wani dattijon magini daga wani ƙauye a ƙasar Daura domin ya gina mana rumbun ƙasa a gidan mahaifinmu, bayan da ɗakin simintin da muke jibge buhuna a ciki ya yi gumi har dawar da ke ƙasa ta yi fumfuna. Yanzu da rumbun ya sha ruwan damina biyu, na samu abin da zan faɗa a kan aikin.

Abin da ya fi ɗaukar masa lokaci shi ne gindi. Ya ƙi wurin da na nuna masa a jikin katanga, ya zaɓi tudu a fili inda iska ke kaɗawa, sannan ya jera manyan duwatsu ya ɗora itace a kansu, ta yadda ƙasan rumbun ya tashi daga ƙasa kamar kamu ɗaya. Da na ce tsayin ya yi yawa, sai ya durƙusa ya zura hannunsa a ƙarƙashi ya ce, "Alhaji, nan ne hancin rumbu, in ka toshe shi hatsi ya mutu." Gaskiyarsa kuwa, domin ta wannan sarari iska ke ratsawa ta kwashe laima, ruwan da ke malala ba ya taɓa hatsi, kuma duk hanyar da gara ta fara ginawa a kan dutse ana ganinta da wuri a kankare.

Jikin rumbun da laka ya yi shi, wadda ya kwaɓa da ramno ya bar ta ta kwana biyu tana ruɓa. Ba ya ɗora sabon zagaye sai na ƙasa ya sha iska, kuma daga ƙarshe ya shafe bayan da makuba. Irin wannan bango yana hana zafin rana shiga da sauri, shi ya sa ko a watan Afrilu idan mutum ya leƙa ciki zai ji sanyi-sanyi da ƙamshin gero. Mun zuba dami 60 da zangarniyarsu, muka barbaɗa toka da busasshen ganyen dogonyaro a tsakani, kuma har aka kai ga shuka ban ga ƙwaro mai tayar da hankali ba.

Sai dai jinkar ba ta gamsar da ni ba. Shucin da ya sa ya yi ƙaranci, ruwan watan Agusta ya tsattsafa ta gefe guda, dole muka sake baibaya ta da kuɗinmu. Ya kuma wuce ranar da ya yi alkawari da mako biyu.

Ya kamata mai sha'awa ya sani cewa rumbu ba ya gyara hatsin da aka zuba da danshi. Masana harkar ajiya suna son laimar hatsi ta sauka zuwa kashi 13 cikin 100 ko ƙasa da haka, musamman masara da gubar afulatoksin, wadda fumfuna ke haifarwa, ke saurin kamawa. Wake kuwa ban ba da shawarar a sa shi a nan ba, buhun PICS mai leda biyu a ciki, wanda ke kashe ƙwaro ta hanyar hana shi iska, ya fi dacewa da shi. Amma ga gero da dawa, da kakar bana ma wannan magini zan kira ya gina mana na biyu, da sharaɗin ni zan sayo shucin da kaina.